Me ya sa giyar inabin Syrah ke ƙamshin masoro?

In ka taɓa jin ana cewa wata jar giyar inabi tana da "yaji", kada ka ɗauka barkono ake zuba mata. Ba a zuba komai. Kuma ba sai kana sha ba kafin labarin ya shafe ka, domin magana ce a kan hancinka da abin da yake iya kamawa.

Inabin da ya fi shahara da wannan ƙamshi shi ne Syrah, wanda a Ostireliya ake kira Shiraz. Sunan ya sa mutane suka daɗe suna zaton daga birnin Shiraz na Iran ya fito. Gwajin ƙwayoyin gado da masana na Jami'ar Kalifoniya ta Davis da na Montpellier suka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya kashe wannan magana: iyayensa wasu inabai biyu ne na kudu maso gabashin Faransa, Dureza da Mondeuse Blanche. Gidansa na asali shi ne arewacin kwarin kogin Rhône, inda gonakin Hermitage da Côte-Rôtie da Cornas ke maƙale a jikin tsaunuka masu gangara.

To ina ƙamshin ya fito? A 2008 masu bincike a cibiyar nazarin giyar inabi ta Ostireliya da ke Adelaide suka bayyana sinadarin, sunansa rotundone. Shi ne dai ke ba masoro ƙamshinsa. Ka lura, ƙamshi aka ce, ba zafi ba. Zafin barkono aikin capsaicin ne, cizon masoro a harshe kuma na piperine ne, shi kuwa rotundone ta hanci yake bi. Sunansa ma daga ciyawar aya-aya aka samo shi, Cyperus rotundus, 'yar'uwar ayar da muke ci, don a saiwarta aka fara gano shi.

Ƙarfinsa ya wuce misali. Nanogiram 16 a lita ɗaya ta jar giya ya isa hanci ya ji shi. Wato in ka cika babban wurin ninkaya na gasar Olamfik, nauyin ƙwayar shinkafa biyu kacal na sinadarin kake bukata.

A bawon inabin yake taruwa, gab da nuna. Shi ya sa jar giya ta fi ɗaukarsa, tunda da bawon ake tsima ta. Kuma sanyi yake so. Nonon inabin da ke cikin inuwar ganye ya fi wanda rana ta doka yawan rotundone, haka shekara mai sanyi ta fi mai zafi. Nan ne yanki ke shigowa: Shiraz na kwarin Barossa mai zafi yakan fi ƙamshin nunannen 'ya'yan itace, amma na Grampians a jihar Victoria, inda ake sanyi, masoronsa a fili yake, kamar na arewacin Rhône. Iri ɗaya ne fa, ƙasar noman ce ta bambanta. Don haka ɗumamar yanayi ba ƙaramar barazana ba ce ga manoman da wannan ƙamshi ke sayar wa amfanin gonarsu.

Abin da ya fi ba mu mamaki a binciken shi ne, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka gwada bai ji ƙamshin ba sam, ko da an ninka yawansa sau ɗaruruwa. Ke nan in kai da wani kuka yi gardama a kan ko masoron da aka daka a yaji yana ƙamshi, mai yiwuwa babu mai ƙarya a cikinku. Gwada a gida: daka masoro, ka miƙa wa mutum biyar su shinshina, kowa ya faɗi abin da ya ji.