Kwamfuta: Kada 'Ya'yan 'Yan Kasuwa Su Zama 'Yan Kallo

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta Najeriya ta daina jarrabawar shiga jami'a a takarda, sai a kwamfuta. Yaron Konni ko Dan Isa mai son karatu a Sakkwato ko Katsina, komai ƙoƙarinsa a aji, in bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, lokaci zai ƙare yana laluben haruffa. Latsa salula ba ya koyar da wannan.

Ga kuma matsalar wuta, wadda kowa ya ɗanɗana a 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki. Don haka, alhazai, ƙungiyoyinku za su iya haɗa kuɗi su saya wa makarantar gari kwamfutoci na hannu da sola, su kuma ɗauki nauyin malami guda.