Iya Ruwa Fid da Kai: Abin da Tsawon Tiyo ke Nufi ga Mai Nutso

Idan damina ta yi nisa, Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya malala cikin fadamun Ringim, Taura, Jahun, Miga da Auyo, kwale-kwale ne ke zama motar manoma da 'yan kasuwa. Ranar da tsautsayi ya gitta jirgi ya kife, masunta da mutanen Sarkin Ruwa ake fara kira. Su tuɓe riga su faɗa, ba su ɗauke da komai sai numfashin da suka ja a ƙirji. Bayan minti ɗaya ko biyu su taso suna haki, su sake komawa.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gaɓa yana kallon wannan aiki zai iya tambaya: me zai hana a ba mai nutso dogon tiyo irin na ban ruwa, ya sa baki ɗaya a bakinsa, a riƙe masa ɗayan a sama? Dabarar tana da daɗin ji, amma kisa take yi, kuma dalilan biyu ne.

Na farko shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita 1 kacal, ruwa yana danne kowane murabba'in santimita na jiki da nauyin giram 100. Idan aka lissafa faɗin ƙirjin babban mutum, abin ya kusa kilo 90, kamar a ɗora masa buhun gero a ce ya yi numfashi. Iskar da ke zuwa daga sama ba ta da ƙarfin ture wannan nauyi. Na biyu shi ne iskar da ke kwana a cikin tiyon. Numfashi ɗaya na mutumin da ke hutawa kusan rabin lita ne, alhali tiyo mai faɗin santimita 2 da tsawon mita 2 yana cin fiye da haka. Iskar da mutum ya fitar ba za ta kai waje ba, ita zai sake shaƙa har ya suma. Shi ya sa bututun da masu iyo ke numfashi da shi a saman ruwa ba ya wuce santimita 40 ko kusa da haka.

Maganin da ya samu karɓuwa ya fito ne daga Faransa a 1943, lokacin da Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka haɗa na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ya goya. Abin da ke cikin tukunyar iskar duniya ce da aka tace aka matsa, da ƙarfin da ya ninka na sarari kusan sau 200. Regileta ce ke sassauta ta, kamar yadda kan tukunyar gas ke yi a ɗakin girki, sai dai ita hawa biyu ce. Hawa na farko yana kan tukunya, yana rage ƙarfin zuwa kusan ninki 10. Na biyu yana bakin mai nutso, yana daidaita iskar da nauyin ruwan da ke kewaye da shi. Tiyo ne ke haɗa su. Da yake iskar cikinsa a matse take, kuma wadda aka fitar ta wata ƙofa take fita, tsawonsa ba ya hana numfashi. To me ya sa masu nutso ke ta muhawara a kan tsawon?

Saboda ɗan'uwa. Ƙa'idar nutso ita ce a shiga ruwa bibbiyu, kuma kowa ya riƙe abin numfashi biyu, don idan iskar abokinsa ta ƙare ya miƙa masa ɗaya. A tsarin da aka fi koya wa masu nutso don nishaɗi, tiyon da mutum ke numfashi da shi yana da tsawon santimita 70 zuwa 80. Na ko-ta-kwana ya ɗan fi tsawo, kusan mita 1, galibi launin ɗorawa ne don a gan shi da wuri, kuma a ƙirji ake maƙala shi. Wannan ya wadatar a ruwa mai haske, inda mutum biyu za su riƙe juna, fuska da fuska, su tashi sama kai tsaye. Illarsa ita ce mutanen biyu suna manne da juna, kuma wanda iska ta yanke wa a firgice yake, yakan fizge na bakin abokinsa kafin ya nemi na ƙirji.

Masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a jihar Florida ta Amurka ne suka yaɗa tsari na biyu. A cikin kogo babu hanyar tashi sama, sai an bi ta matsattsen lungu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sai suka mai da tiyon bakinsu ƙafa 7, wato mita 2.1. Yana saukowa ta gefen dama, ya ratsa ƙirji, ya zagaya bayan wuya ya shigo baki. Shi ake miƙa wa mai buƙata, don an tabbata yana aiki, mai shi kuma ya koma kan gajeren da ke rataye a ƙarƙashin haɓarsa. Masu nishaɗi da suka ari tsarin sukan zaɓi ƙafa 5, wato mita 1.5. Amma dogon tiyo yana son horo. Idan ba a naɗe shi daidai ba, zai yi lilo ya sarƙe da duk abin da ya tarar.

A nan ne maganar ta shafi koginmu. Ruwan Haɗeja da damina ja ne, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, kacalla ta mamaye magudanu da dama. Ga tsofaffin taruna da igiyoyin ƙugiya da rassan itatuwa a ƙasa. Tiyon da ke lilo a irin wannan ruwa tarko ne, gajere sosai kuma ba zai bar mutum biyu su kuɓuta daga cikin ciyawa a jere ba. Kowanne aka zaɓa, sai ya kwanta a jiki, kuma abokan nutso su san tsarin juna tun suna kan tudu, su gwada miƙa wa juna iska har hannu ya saba ba tare da ido ba.

Akwai gargaɗi biyu da suka fi tsawon tiyo muhimmanci. Gwanin ninkaya ya saba riƙe numfashi, kuma wannan sabon ne zai cuce shi ranar da ya goya tukunya. Iskar da aka shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a iso sama. Wanda ya riƙe ta yana tasowa, huhunsa na iya yagewa, ko da daga zurfin mita 2 ne. Na biyu, kada a haɗa tiyo da injin hura taya a ce an samu kayan nutso. Injin yana tura tururin mai, yana kuma iya jan hayaƙin janareta mai gubar da ba ta da wari.

Mutanen da suka san kowane gurbi da kwarin wannan kogi suna nan a garuruwanmu, sun gaji sanin daga iyaye da kakanni. Abin da suka rasa horo ne da kayan aiki. Ya kamata Gwamnatin Jigawa, ta hannun hukumar ba da agajin gaggawa da ta kashe gobara, ta zaɓi matasa daga cikin masuntan nan, ta tura su su koyi nutso da tukunya a wurin ƙwararru, a ajiye musu kaya a kusa da manyan mashigai. A kuma wadata fasinjojin kwale-kwale da rigunan kariya, don kada a kai ga neman mai nutso. A yi wannan tanadi tun da rani, kafin ruwa ya sake cikowa.