GYARAN TSOHON JIRGIN RUWA: FENTI BA ADO BA NE KAWAI

Tun kafin a buɗe gadar Anacha a shekarar 1965, jirgin ruwa ne ke haɗa Anacha da Asaba, kuma 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan kogi. Sarkawan Kabi da Yawuri da Nufawa sun daɗe suna gangarowa ta Lakwaja, wasu da kayan su, wasu da kayan fatauci. Gada ta biyu ma an buɗe ta a 2023, amma ƙauyukan bakin Kwara da yawa har yanzu sai da jirgi, musamman in ruwa ya cika a watan Satumba da Oktoba.

To, ban da kwalekwalen katako, akwai jirgin alminiyam, wato ƙarfen nan da masu tukwane ke kira goran ruwa. Wani ɗan'uwa yakan sami tsohonsa da araha, ya jawo shi bayan gida, ya ce shi da 'ya'yansa za su gyara. Wannan dabara ce mai kyau, gama nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, ga shi ba ya jan tsatsa. Amma fa yana da nasa hali, wanda bai san shi ba kuwa kuɗinsa zai bi ruwa.

Kafin a taɓa gwangwanin fenti, sai a ɗora jirgin bisa katako, a zuba ruwa a cikinsa, a duƙa a duba ƙasa. Duk ƙusar da ta ɗiga a zagaye ta da alli, a ɗaure ta ko a sake ta. Tsaga kuwa sai mai walda wanda ya san alminiyam, ba kowane mai ƙera ƙofa ba. Masu shafe ɓaraka da kwalta su bi da fenti, kansu suke ruɗi.

Daga nan sai kankara. A goge tsohon fenti da samfefa, kada a sa burushin baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushinsa yakan maƙale ya ci jikin jirgin. Soda irin ta yin sabulu ma a nisanta ta, narkar da alminiyam take yi. A wanke maiƙo sarai, a bari ya bushe.

Nan ne fa yawancin mutane ke faɗuwa. Da zarar an kankare alminiyam iska ta buge shi, sai wata 'yar fata wadda ido ba ya gani ta rufe shi, fenti kuwa ba ya kama ta sosai. Saboda haka ranar da aka goge, ranar za a shafa fentin shimfiɗa, ba a ce sai an dawo daga kasuwa gobe ba. Kuma a nemi wanda aka yi musamman don alminiyam. Jan fentin nan na ƙofofi da tagogi ba nasa ba ne, ko da mai kanti a kasuwar Kenyatta ta Inugu ya rantse. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, sa'an nan a ɗora launi. A yi aikin a fili, a rufe hanci, a kori yara daga wurin ƙurar.

Mutanenmu na Fatakwal su ƙara lura, ruwansu na gishiri ne. Fentin hana ƙwari da gansakuka wanda ake shafa wa gindin jirage, galibinsa da jan ƙarfe a ciki, in ya haɗu da alminiyam cikin ruwan gishiri sai ya huda shi kamar rariya. A karanta jikin gwangwani, ko a sa yaro ɗan makaranta ya karanta.

Kwara dai ba ta da sabo. A watan Oktoba na 2022, lokacin ambaliya, jirgi ya kife a Ogbaru, kudu da Anacha, fadar shugaban ƙasa ta ce mutum 76 suka rasu, Allah ya kiyaye gaba. Wanda zai ɗauki mutane a jirgin da ya gyara da hannunsa, sai ya fara gwada shi a bakin gaɓa ba fasinja, ya tanadi rigunan ruwa, ya kuma yi rajista da hukumar hanyoyin ruwa, wadda hedkwatarta ke Lakwaja.

Lokacin aiki kuwa shi ne Disamba da Janairu, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke a Kudu. A fara da hantsi bayan raɓa ta bushe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙurar hunturu, a ba fentin kamar mako guda kafin a tura jirgin kogi.