Kwamfuta Ta Daina Shiga Intanet Bayan Sabuntawa? Kada A Yi Saurin Goge Ta

Kwanakin baya an sabunta manhajar Ubuntu a ɗakin kwamfutarmu da ke nan Sabon Gari. Washegari aka kunna, sai ɗaya daga cikin kwamfutocin ta ƙi shiga intanet, alhali sauran suna shiga. Masu shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, suka rasa wurin gwaji ɗaya. Wasu suka ce katin sadarwa ya ƙone, a kai ta Kano wurin masu gyara. Wasu suka ce a goge komai a sake zuba manhaja. Mu 'yan ƙungiyar jarida muka zauna da malamin kwamfuta, ga abin da muka koya.

A cikin Ubuntu akwai wani ɓangare da ake kira kanel, shi ne ke tsakanin manhaja da ƙarafunan kwamfuta. Sunansa Linux, kuma Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ƙasar Finlan. Shi ne ma a cikin wayoyinmu na Android. Kanel ba ya magana da katin sadarwa sai ta wata 'yar manhaja mai suna direba. Idan an sauya kanel, direban bai dace da sabon ba, kati yana nan lafiya amma babu mai tuƙa shi. An fi ganin haka a direbobin da ake girkawa daban, kamar na wasu katunan Broadcom da Realtek.

Ga matakan da za a bi. Da farko a duba waya. A cire ta a mayar, a ga ko ƙananan fitilun bakin ramin suna haske, sannan a gwada ta a wata kwamfutar.

Na biyu, a buɗe Terminal a rubuta uname -r, zai nuna lambar kanel da ke aiki. Sai a rubuta lspci -k, a nemi layin Ethernet. Idan sunan katin ya fito amma babu direba a ƙarƙashinsa, an gano bakin zaren.

Na uku, a sake kunna kwamfutar a riƙe Shift, ko a danna Esc, har jerin GRUB ya fito. A shiga Advanced options for Ubuntu, a zaɓi tsohon kanel. Ubuntu kan ajiye shi saboda irin wannan rana. Idan intanet ta dawo, katin bai mutu ba.

Na huɗu, a gyara sabon. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar sabuntawa, aikin kan tsaya a rabi, kuma sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa shi. Idan ana buƙatar sauko da direba ga shi babu intanet, a jona wayar Android da kebul ɗin USB a raba data daga gare ta.

A wasu lokuta kati kan lalace da gaske. A 2008 wani kuskure a kanel 2.6.27 na gwaji ya ɓata ƙwaƙwalwar wasu katunan Intel. Amma irin wannan ba ya yawan faruwa, kuma darasinsa shi ne kada a zuba manhajar gwaji a kwamfutar makaranta.

Tamu kwamfutar a mataki na uku ta dawo. Ba a kashe ko sisi ba, kuma ayyukan da ɗalibai suka ajiye a ciki suna nan. Shawararmu: a sabunta kwamfuta ɗaya tukuna a gwada ta, kada a goge tsohon kanel sai sabon ya yi aiki, kuma kada ɗalibi ya rubuta umarnin da ya fara da sudo sai malam yana wurin.