Aikin Gayya Ya Shiga Kwamfuta: Dama Ga Samarin Jos

Duk wanda ya tashi a karkara ya san gayya. Mai gona ya kan aika wa maƙwabta, samari su fito da garemani, makaɗi na biye da su, kafin azahar an gama noman da zai ci wa mutum ɗaya mako biyu. Ba a biyan kowa ko anini, sai fura da tuwo, amma kowa ya san ran da tasa ta taso za a zo masa. To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha, irin wannan gayya ake yi yau a cikin kwamfuta, kuma ƙofarta a buɗe take ga yaranmu da muka baro a Jos, da waɗanda ke tare da mu nan Kudu.

Kwamfuta dai ba ta yin kome sai da umurnin da aka rubuta mata, wanda ake kira manhaja. Wasu kamfanoni su kan ɓoye nasu rubutun, su sayar da amfaninsa kurum. Amma akwai buɗaɗɗiyar manhaja, watau wadda aka baje rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya kafa tutar wannan ra'ayi a 1983 da shirinsa na GNU, sa'an nan a 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wadda a kanta aka gina wayoyin Android da ke aljihun yawancinmu.

Cikin irin waɗannan manhajoji akwai ƙanana da ba su da hoto ko maɓallin taɓawa. Baƙin allo ne kurum, mutum ya rubuta umurni layi ɗaya, ya danna, kwamfuta ta aikata. Su ne fartanya da lauje na masu wannan sana'a.

DAGA FACI ƊAYA

Misali mafi kyau shi ne curl, wadda aikinta ɗauko saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta intanet. A 1996 wani mutumin Suwidin, Daniel Stenberg, yana neman hanyar ɗauko farashin canjin kuɗi kowace rana, sai ya tarar da wata 'yar manhaja da wani mutumin Barazil, Rafael Sagula, ya rubuta. Ya ga tana da aibi, ya gyara, ya aika wa mai ita. Irin wannan gyara su ma faci suke ce masa, kamar na taya. Ba a daɗe ba riƙon manhajar ya dawo hannunsa, ya yi ta faɗaɗa ta, har ran 20 ga Maris 1998 ta fito da sunan curl. Yau tana cikin wayoyi da motoci da talabijin dubban miliyoyi, kuma sunayen waɗanda suka taimaka mata sun haura 3,000, duka a rubuce cikin takardar godiya da ke tafiya tare da ita.

Yadda ake shiga gayyar ba wuya. A ce wani yaro ne a Anguwar Rogo ko Gangare. Da farko zai kwafo rubutun manhajar gaba ɗaya zuwa kwamfutarsa, da taimakon wata manhaja mai suna Git, wadda Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Sai ya karanta ƙa'idodin masu ita, ya duba jerin matsalolin da jama'a suka kawo ƙara a kansu, ya zaɓi ƙarama. In ya gyara, ya gwada ya ga bai ɓata wani wuri ba, sai ya aika da facin tare da bayani. Masu kula da manhajar za su duba, galibi su mayar masa su ce sake nan, rage can, wani lokaci har sau uku ko huɗu. Mai saurin fushi ba ya daɗewa a wannan fage. Ran da aka karɓa kuwa, sunansa ya shiga tarihin manhajar ke nan, duk duniya na gani.

Abin da ya dace da halinmu shi ne wannan aiki ba ya bukatar sabuwar kwamfuta mai tsada, tsohuwa ma ta isa. Rubutu ba ya cin kuɗin data kamar bidiyo, kuma Git tana aiki ko babu intanet, sai lokacin kwafowa da aikawa kaɗai. Babbar matsala ita ce wutar lantarki, wannan kuwa kowa ya san ta.

ME YA SA JOS?

Jos ta daɗe tana ba duniya. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka kama haƙar kuza a kan tsaunin, leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Bauci da Barno, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Kuza ta tafi Ingila, aka bar mana ramuka cike da ruwa a wajen Bukuru, kuma wa ya san sunan waɗanda suka ɗauki kwano a ka? Har yau dankalin Turawa da kabeji da tumatir na Filato ne ke sauka a kasuwar Mil 12, ba wanda ke tambayar sunan manomin. A wannan gayya ta kwamfuta kuwa, aikin mutum da sunansa tare suke fita.

Garin kuma ba baƙo ba ne ga wannan ilmi. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun, ta sami cin gashin kanta a 1975, ta karɓi wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, a ƙarshen shekarun 1990. Wahalar samun intanet da ya gani a can ita ta sa shi da abokan aikinsa suka fito da eGranary a 2001, watau rumbun da ake tara littattafai da shafuffuka a ciki, ɗalibai su karanta ba tare da intanet ba. A 2015 kuma David Daser ya buɗe cibiyar nHub a Jos, inda ake koya wa matasa rubuta manhaja.

Akwai kuma aikin da mu muka fi kowa cancanta da shi. Umurnin sort, mai jera kalmomi bi da bi, yana bin ƙa'idar harshen da aka zaɓa masa ne, kuma akwai ta Hausar Nijeriya a cikin tsarin GNU. In wata manhaja ta rikita ɓ da ɗ da ƙ, ko ta mai da su alamar tambaya, mutumin Suwidin ba zai lura ba. Sai ɗan gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

AMANA

Amma fa gayya ba ta rasa mugun iri. A watan Maris 2024 wani injiniyan kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata manhaja ta matse fayil. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi wajen shekara biyu yana aiko da gyara mai kyau, har mai riƙon manhajar, wanda aiki ya yi wa yawa, ya amince masa. Da ba a kama ba, da ɓarayi sun sami hanyar shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Sabo da haka kada sabon shiga ya ji haushi in an tsananta bincike a kan facinsa.

Iyaye za su ce, ina riba? Gaskiya yawancin aikin kyauta ne. Sai dai kamfanoni su kan duba irin wannan tarihi in za su ɗauki ma'aikaci, domin shaida ce da ba a saya a kasuwa. Akwai kuma shirin da Google ya fara a 2005 na biyan masu koyo su yi wa buɗaɗɗiyar manhaja aiki, da shirin Outreachy, wanda a 2023 ya biya dala 7,000 don aikin wata uku. Waɗanda ke nan Kudu ma ba a bar su a baya ba, gama a Ikko ƙungiyar OSCA ta yi babban taronta na farko a Fabrairu 2020.

Don haka, Alhaji, in ka je gida hutun Salla ka tarar da yaro ya duƙufa kan baƙin allo, kada ka yi saurin cewa wasa yake. Tambaye shi wace manhaja yake wa gyara, kuma ko an karɓi facinsa. In ya nuna maka sunansa a ciki, to kuɗin data da ka aika bai faɗi ƙasa banza ba. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.