Ko Kun Sani? Kek Mai Tsayin Ƙafa 9

Kek ɗin da aka yanka a bikin auren Gimbiya Elizabeth ta Ingila da Yarima Philip, ranar 20 ga Nuwamba 1947, hawa huɗu ne, tsayinsa ƙafa 9, nauyinsa kuma ya haura kilo 200. Kamfanin McVitie & Price ne ya yi shi.

Lokacin Birtaniya ba ta gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, sukari da man shanu sai da katin rabo. Don haka ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides ta Ostareliya ta aiko da yawancin kayan haɗin gudummawa, har aka laƙaba masa suna kek mai tafiyar mil 10,000.

Gwanintar dai tana cikin adon. Da farin ƙwai da garin sukari ake kwaɓa farin shafen da ake lulluɓe irin wannan kek. Idan ya bushe sai ya yi tauri, ya riƙe zane. Da shi aka fitar da tambarin gidajen amarya da ango, aikin da ke buƙatar haƙuri da hannun da ba ya rawa.

Da takobin ango aka yanka kek ɗin, kyautar surukinsa Sarki George na Shida.