Bushin mai tauri: motar ta miƙe, bayan Inna ya koka

Daren da na fara jin tsoron motata, muna dawowa ne daga Yanbu. Wata tirela ta zo ta wuce mu, sai na ji bayan motar ya yi wani irin lilo, kamar yana so ya kama hanyarsa daban da inda na nufa. Gudun da nake yi bai wuce 110 ba. Haka na ƙanƙame sitiyari har Madina, ina jan duk addu'ar da ta zo bakina, yarana biyu na barci a baya ba su san wainar da ake toyawa ba.

Motar tsohuwa ce, ƙirar Japan ta 2012. Na saye ta a hannu bayan da aka yarje wa mata yin tuƙi a ƙasar nan a watan Yunin 2018. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa bakin asibiti da sassafe tana jiran direba bayan aikin dare ta san abin da makullin mota ke nufi a jakarta. Dama na jima ina jin wani ƙwas-ƙwas a baya idan na hau tudun rage gudu, gefen ciki na tayoyin baya kuma ya cinye ya bar na waje da sauransa. Na yi ta cewa sai an yi albashi.

Washegari na nufi Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, wurin wani dattijo da muke kira Baba. A Madina aka haife shi, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya tako da ƙafa ta Sudan, ya sauke farali bai koma ba. Hausar Baba rabinta Larabci ne. Ya ɗaga motar, ya zura wani dogon ƙarfe ya ɓanɓari hannun da ke riƙe da tayar baya, sai ga shi yana motsi kamar haƙorin da ya kusa fita.

"'Yata, jilba ce ta mutu," in ji shi.

Jilba ita ce abin da makanikan gida ke kira bushin. Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba: tayar baya ba haka kawai take manne da jikin mota ba, akwai hannuwan ƙarfe da ke riƙe da ita, wasu daga gefe, wani daga gaba. Duk inda hannun ya haɗu da jikin mota, akwai wata kewayayyiyar roba da aka cusa tsakani, da bututun ƙarfe a tsakiyarta inda ƙusa ke ratsawa. Da Baba ya ciro guda ya miƙo mini, duk ta tsattsage, abin da ya faɗo mini shi ne guringuntsin gwiwa. Aikinsu ɗaya: hana ƙashi gogar ƙashi, da shanye bugu kafin ya isa sama. Kuma yadda tsufa ke cinye na mutum, haka zafi da shekaru ke busar da na mota. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 kusan kullum, roba ba ta da sauƙin rayuwa. Idan ta saki, tayar kan ɗan karkata da kanta yayin tafiya. Lilon da na ji a hanyar Yanbu ke nan.

Da na tsaya nan na ce a sa sabuwar roba, da ba ku karanta wannan rubutu ba. Amma ina da ƙane a Jidda, wanda in an fara hirar mota sai ya manta da abinci.

"Yaya, kar ki sake sa roba," ya ce a waya. "Ki sa foliyuretan. Sau ɗaya za ki yi, kin huta."

Na je na bincika, don ba na son a ba ni magani ban karanta takardarsa ba. Foliyuretan wani sinadari ne da Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa a 1937. Danginsa ne sosan katifar da muke kwana a kai, sai dai ana iya zuba shi ya daskare da tauri kamar tafin takalmi. Akwai ma'aunin tauri da ake kira Shore A. Robar da mota ke fitowa da ita daga kamfani galibi tana wajajen 60, shi kuwa na foliyuretan ana samunsa daga wajen 70 har sama da 90. Mai da baƙin mai ba sa cin sa kamar yadda suke cin roba, kuma ba ya saurin tsagewa. Tunda ba ya lanƙwasa sosai, taya na tsayawa inda aka saita ta. Duk wannan gaskiya ne, har yau ban ƙaryata ko ɗaya ba.

Na yi oda ta intanet, na zaɓi masu tauri sosai, jajaye kamar alewa. Baba ya juya su a hannunsa ya daɗe bai ce komai ba.

"Wannan na samarin da ke tsere ne. Ke wa kike ɗauka a baya?"

Na ce yara ne kawai. Ya ce to, ya sa yaransa suka fara aiki. Da injin matsi aka fitar da tsofaffin, aka shafe sababbin da man da suka zo da shi aka zura, sannan aka kai ta mizani, wato saitin tayoyi. Duk wanda ya taɓa hannuwan baya bai yi saiti ba, ya shirya sayen sabuwar taya.

Makonnin farko kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Motar ta miƙe sak. Tirela ta wuce, ko gezau. A kwana kuma sai ta bi hannuna kamar ta san abin da ke raina. Har na kira ƙanena na sa masa albarka.

Cikin gari ne labarin ya fara canzawa. Kowane tudu, kowace mahaɗar gada, kowane murfin kwalbati, sai na ji shi a ƙuguna. Ƙarar titi da ban san da ita ba ta shigo cikin mota. Bayan 'yan watanni kuma sai kuka ya biyo baya, ƙiiƙ-ƙiiƙ kamar tsohuwar ƙofar zaure. Dalilin a fili yake: roba a manne take da ƙarfenta, murɗewa take yi ta dawo, ba ta gogar komai. Shi kuwa foliyuretan juyawa yake a jikin bututun, don haka dole sai da mai, kuma ƙurar Madina ba ta barin mai ya daɗe. Maƙwabciyata ta ce ta daina duba agogo, motata ce ke faɗa mata na dawo daga aiki. Na yi dariya, na ce zan jure.

Sai Inna ta zo umra.

Mahaifiyata ta haura saba'in, kuma faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayanta na ƙasa sun zaizaye. Ni na san hoton bayanta fiye da kowa, ni ke tura mata magani Kano. Ta yi kwana takwas a wurinmu tana ziyara, sannan muka ɗauki harami a Abyar Ali muka kama titin Hijira. Tafiyar ta fi kilomita 400. Akwai jirgin ƙasan Haramaini tun 2018, amma Inna ta ce ita a mota take so, ta ga hanya, ta tsaya inda ta ga dama.

Irin iyayen nan ne da ba sa cewa wayyo. Ta madubi na lura ta daina jan carbi, ta dafe kujerar gaba da hannu ɗaya. Da muka tsaya sallar Azahar, sai da maigidana ya kama ta ta fito, kuma a zaune ta yi sallar. Da za mu koma mota ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wai motar taku amalanke ce?"

A keken guragu ta yi ɗawafi da sa'ayi, matar da ta yi wata uku tana zagaya tsakar gida kullum da asuba don ta yi da ƙafarta.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ba zan ɗora wa bushin laifin duka ba. Zaman awa huɗu ko biyar a kujera kaɗai ya isa ya tayar da irin wannan ciwo. Amma shekara biyu kafin nan mun yi wannan tafiyar a wannan motar, da kanta ta sauko ta shiga Harami. Kuma ni ce dai nake tsayawa gaban masu ciwon baya a asibiti ina ce musu su guji doguwar tafiya mai jijjiga. A jirgin ƙasa ta dawo Madina tare da ƙanena, wanda ban ji ya ƙara ambaton foliyuretan ba har suka iso.

Na koma wurin Baba. Bai ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka masa. Abin da ya yi ya fi ba ni sha'awa. Ya ce ba duka za a cire ba. Hannun da ke riƙe taya daga gaba, shi ke karɓar bugun rami da tudu, don haka ya mayar masa da roba ta asali. Na sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, da na hannuwan gefe, ya wanke su ya sake shafe su da mai ya bar su. Na lura bai ɗaure ƙusoshin robar tamau ba sai da aka sauke motar ta zauna kan tayoyinta. Ya ce in an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi nisa ba ta yage. Wannan kaɗai ya kamata duk mai mota ya tsaya ya gani da idonsa, a Sana'iyya ne ko a Ƙofar Ruwa.

Na san a cikinmu akwai masu aika kayan gyara gida, kuma na ji an fara yayin waɗannan jajayen. Ni dai ba zan aika wa kowa su don titunanmu na gida ba. Mai yawo tsakanin ramuka da tsofaffi da masu ciki a kujerar baya, roba mai kyau ta fi masa, ko da zai riƙa canzawa. Matsalar da ta fi damun mutanenmu ma jabun roba ce mai mutuwa cikin 'yan watanni, shi ya sa ake ganin kamar robar ce ba ta da amfani. Masu loda jarkokin Zamzam da katan-katan na dabino kuma su sani bushin ba ya ɗaukar nauyi. In bayan mota ya zauna, sifirin za a duba.

Kuɗin aiki dai na biya sau biyu, mizani ma sau biyu. Motar ba ta kai miƙewar makonnin farko ba, amma na koma Yanbu da ita ban ji lilo ba. Ranar da na kai Inna filin jirgi na sa mata matashi a ƙugu, na bi tudu ɗaya-ɗaya kamar mai ɗauke da ƙwai, kafin mu fita unguwa har ta fara gyangyaɗi. Jajayen da aka cire suna nan cikin leda a but. Ƙanena ya ce in ajiye masa, zai zo ya karɓa.